Ranar da Chena Ta Zama Tafintar Babanta

"Ki zauna nan, ko leƙe kada ki yi. Yarinyar da aka zo neman aurenta ba ta da ƙafa, ba ta da baki, sai baƙi sun tafi. Kina ji na ko?"

Azucena, wadda ake kira Chena a gida, ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba. Goggo Chayo, ƙanwar babanta da ke riƙe da gidan tun rasuwar mamanta, ta turo mata kwanon ƙullin masara gaban murhu.

"Yi ta gasa gurasa. Dubi yadda kika yi tsuru-tsuru, sai ka ce ke za a yanka a yi wa baƙin miya."

Ta fice falo, ta saki labule.

Labulen ya tsufa, akwai 'yar yagewa a gefensa daidai idon wanda ke zaune. Azucena ta daɗe da sanin yagewar nan. Ta yi ƙoƙarin kada ta duba, ta kasa.

Kwandon neman aure da baƙin suka kawo na kan tebur, a ƙarƙashin hoton Budurwa Maryamu da na mamanta. Burodi, dunƙulen cakulan, kwalbar giyar mezkal, sai dogon farin kyandir da aka naɗe da furannin takarda. In Baba ya kunna shi gaban hotunan, an ba da ita. In ya bar kwandon ya kwana ba a kunna ba, a sake dawowa ke nan. In kuwa ya ɗauka ya ajiye a bakin ƙofar waje, magana ta mutu, ko jikokinsu ba za su sake tayar da ita ba.

Ga Calvin, mai neman auren nata, can a takure kan kujera, cikin farar rigar da ta yi masa kaɗan. Jikan Doña Petra ne, a tsallaken iyaka aka haife shi, can Amurka. Ya zo gyara wa kakarsa rufin ɗaki, rufi ya gyaru, shi bai koma ba. Sifaniyancinsa bai wuce gaisuwa da "na gode" da "barkono ya yi yawa" ba, shi ya sa 'yan gari ke kiransa beben Doña Petra. Tsohuwar na gefensa, ta riƙe masa hannu kamar yaron da za a yi wa allura.

Sai kuma wanda ke tsaye a tsakiya, ya turo hula gaba, yana kaɗa makullin motarsa a yatsa.

Rigo.

Hankalinta bai kwanta ba tun sanda ta ji Baba ya ce shi zai yi tafinta. Rigo ɗan aminin Baba ne, ya yi shekaru yana wanke-wanke a gidajen abinci na tsallake, ya dawo da motar ɗaukar kaya da haƙorin zinare, ya rantse ba zai sake komawa ba. Saboda rantsuwar nan kaɗai Baba ke son sa. Ya sha zuwa neman soyayyarta, ita kuma kullum sai ta ɓuya bayan kantocin ɗakin karatu na gari, inda take aiki, har ya gaji ya tafi.

"To wa zan kira?" in ji Baba da Goggo ta yi ƙorafi. "Duk unguwar nan shi kaɗai ke jin yaren. A gidana dai babu mai ji, kuma ba za a yi ba."

Ba za a yi ba. Tun da yayanta Genaro ya tsallaka bai dawo ba, Baba ya hana Turanci shiga gidan, ko a rediyo. Ranar da aka binne Mama, a waya Genaro ya kalli jana'izar, wani ɗan'uwa na riƙe da wayar a bakin kabari, shi yana can yana ihu ba mai rarrashinsa. Ba shi da takardu, in ya fito ba zai iya komawa wurin 'ya'yansa ba. Daga ranar Baba ke cewa harshen nan ne ya cinye masa ɗa.

Baba, wanda 'yan gari ke kira Don Hilario, ya gyara zama, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Petra, kin san ina ganin girmanki. Amma 'ya ɗaya ta rage mini. Zan yi wa yaron nan tambayoyi, ya ba ni amsa kamar namiji. Rigo, tambaye shi: wace sana'a zai yi ya riƙe ta?"

Rigo ya juya ya faɗa da Turanci.

Azucena ta runtse ido. Ta san tambayar nan kamar sunanta. Da irinta suka fara, ita da Calvin. Akwai wani tsohon littafi a ɗakin karatu, bangonsa ya cire, shafi guda Sifaniyanci, na kusa da shi Turanci. Me za ka yi gobe? Ina za ka zauna? Yaushe za ka dawo? Ita ta karanto masa da Sifaniyanci, shi ya maimaita mata da Turanci, su yi ta dariyar bakin juna. Wata rana ta tambaye shi yaushe zai koma, ya rufe littafin ya ce wannan amsar ba ta cikin shafi, tana wurinta.

Yanzu ma muryar Calvin ɗin ce take ji. Ya ce shi kafinta ne, tun yana yaro yake aiki da kawunsa, yana shirin buɗe shagonsa. Ya ce Don Hilario ya je ya duba rufin kakarsa, shi ne shaidarsa.

Rigo ya sosa ƙeya.

"Ya ce wai... bai tsayar da shawara ba tukuna. Yana ɗan taɓa wannan, ya taɓa wancan. Kun san yaran can."

Gurasar da ke hannunta ta faɗi cikin toka.

Ta ce a ranta ko kunnenta ne. Ita da ba ta taɓa yin Turanci da kowa ba sai mutum ɗaya, wa ya ce ta iya? Wataƙila ita ce ba ta gane ba.

"Hmm," in ji Baba. "Ina za su zauna?"

Calvin ya ce ya kama ɗan gida kusa da na mahaifiyarsa, akwai fili a baya, Azucena ta ce tana son shuka barkono.

"Ya ce a ɗakin uwarsa za su raɓe kafin Allah ya kawo mafita."

Goggo Chayo ta tafa hannu. "Raɓe? 'Yar tamu? Kamar kaza a gidan maƙwabta?"

"Chayo, yi shiru." Muryar Baba ta yi sanyi, irin sanyin da Azucena ke tsoro. "Ta ƙarshe. A coci za a ɗaura?"

Fuskar Calvin ta washe da jin tambayar. Ya dafa ƙirji, ya nuna kakarsa, ya ce a cocin garin nan, inda aka ɗaura nata, kuma ya riga ya fara zuwa wurin fada, limamin cocin, yana koyon addu'o'in da Sifaniyanci.

Rigo ya girgiza kai kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Don Hilario, ni ɗan aike ne. Ya ce a can an daina wannan. Ofis ake zuwa a sa hannu, a fito a ci abinci. Ya ce coci ta tsofaffi ce, irin kakarsa."

Doña Petra ta saki hannun jikanta, ta yi alamar gicciye, hawaye suka zubo mata. Calvin na kallon ta, yana kallon kowa, yana murmushin wanda bai san gidan na cin wuta ba.

Baba ya miƙe. Ya kama hannun kwandon.

Azucena ta ƙara manna ido a yagewar labulen. In ta yi shiru, kwandon zai kai bakin ƙofa. In ta yi magana, tambaya ɗaya ce za ta biyo baya, kuma ta san ta. Kowace Alhamis da yamma takan ce wa Baba za ta koyon waƙa a coci, a gurbin da Mama ta bari. Ranar farko har ɗaki ya shiga ya buɗe akwati, ya ɗauko mayafin Mama mai ruwan toka ya yafa mata da hannunsa, ya ce, "Je ki, Chena, muryarta na wurinki." Da mayafin nan take zagayawa ta bayan coci ta shige ɗakin karatu wurin Calvin.

Baba ya yi taku ɗaya zuwa ƙofa.

"Ba haka ya ce ba!"

Ba ta san sanda ta ɗaga labulen ba. Ga ta tsaye a tsakiyar maza, ƙulli har gwiwar hannu, gashinta duk toka.

"Ke!" Goggo ta dafe kai. "Na shiga uku! Koma ciki, mara kunya!"

"Baba, ba haka ya ce ba." Muryarta ta dawo 'yar ƙarama. "Ya ce shi kafinta ne. Ya ce ya kama gida. Ya ce a cocinmu yake so a ɗaura, har yana zuwa wurin fada. Na rantse da Allah, Baba, ka tambayi fada."

Baba bai ajiye kwandon ba. Ya juyo a hankali ya dube ta, kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya ta faɗo masa gida.

"Ke kika ji?"

"Ni na ji."

"Da wane kunnen?"

Ta sunkuyar da kai.

Rigo ya yi wata 'yar dariya, haƙorin zinaren ya haska. "Ikon Allah. Don Hilario, ashe yanzu da Turanci ake waƙa a cocinmu? Ni dai duk Alhamis ina wucewa da mota, ban taɓa jin muryarta ta taga ba."

"Alhamis..." in ji Goggo Chayo, ta zube kan kujera. "Wayyo ni. Ni da nake dafa miki shayin zuma saboda maƙogwaro."

"Chena." Baba ya ce da ita a hankali. "Kina zuwa waƙar?"

"A'a, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga kan ƙullin hannunta.

"Da mayafin uwarki."

Ba tambaya ba ce. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Doña Petra ta kawar da kai gefe don kunya, shi kuwa Calvin ya miƙe yana kiran sunanta, yana tambayar me ke faruwa, me ya sa take kuka. Ba ta iya kallonsa ba. Duk kalmar da ya furta ta gane ta, kuma kowace ganewa sabon mari ce a fuskar babanta.

Baba ya mayar da kwandon kan tebur, ba don ya huce ba, sai don hannunsa ya gaji.

"Rigo, ka gaida mini babanka."

"Don Hilario, ni fa..."

"A ƙarƙashin hoton matata ka yi mini ƙarya. Ka gaida babanka."

Rigo ya gyara hula, ya nufi ƙofa. Da ya zo daidai Azucena sai ya tsaya. Ta zaci zagi zai yi. Da ta ɗago, ta ga idanunsa sun yi ja.

"E, na yi ƙarya. Kuma da za a sake, sai na sake." Ya matse makullin motar a hannunsa. "Kin san abin da ake ci a can? Ni na sani. Na kwana a ƙasan kicin ina jin ƙamshin masarar garin nan a mafarki. Ni ban iya karanta littafi ba, Chena, shi ya sa kike ɓoye mini a bayan kanta kamar na zo da cuta. Amma ni ba zan kai ki inda za ki kalli jana'iza a waya ba. Tunda kin iya yaren, tambaye shi zancen takardu. Tambaye shi da bakinki."

Ya fita. Suka ji tashin motarsa har ta yi nisa.

Ƙaurin gurasar da ke ƙonewa a kicin ya cika falon, ba wanda ya tashi.

Baba ya koma kujerarsa. Bai dube ta ba. Bango ya kalla ya ce, "Tunda gidana ya samu tafinta, tafinta ta tsaya can inda wancan ya tsaya."

Ta matsa tsakiyar falon.

"Tambaye shi, can zai tafi da ita?"

Da ita. Kamar ba ita ce a tsaye ba. Ta juya tambayar zuwa Turanci. Karo na farko ke nan da harshen ya fito daga bakinta a cikin gidan nan, ta ji shi kamar ta tofa yawu a tsakar ɗaki. Goggo ta toshe baki da gefen zane.

Calvin ya ce e.

"Ya ce e, Baba."

"Za ta riƙa zuwa ganin gida?"

Ya ce duk shekara, lokacin bikin tunawa da matattu, su zo su share kabarin mamanta tare.

Ta faɗa. Gemun Baba ya ɗan motsa.

"To ga wadda nake so. Ki faɗa masa yadda na faɗa, kada ki sa mata zuma." Ya nuna ƙirjinsa da babban yatsa. "Ni tsoho ne, likita ya ce zuciyata ta fara gajiya. In na faɗi baɗi, ko kafin baɗi, za ta zo ta rufe mini ido? Ko ita ma a waya za a nuna mata?"

Azucena ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa. Babu wannan a littafin. Ta yi ta lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tana tuntuɓe, tana komawa baya, har ta kai ƙarshe.

Calvin ya sunkuyar da kai. Ya dubi tafin hannunsa. Da ya ɗago, ita ya kalla, ba Baba ba.

Ya ce ya yi magana da lauya. Ya ce in ta shiga ƙasarsu, sai ta zauna har takardunta su fito, kuma ba wanda ya san tsawon lokacin, yana iya zarce shekara. In ta fita kafin nan, komai na iya rushewa. Ya ce bayan haka za ta zo duk sanda ta so. Amma in abin ya faru a tsakanin nan, ba zai iya yin alkawari ba. Ya ce ya so ya gaya mata tun tuni, kullum sai ya ga tana dariya, ya ce bari sai wata Alhamis.

"Ki yafe mini," ya ƙara, wannan da gurgun Sifaniyancinsa.

Ɗakin ya juya mata.

Ta dubi Baba, ta dubi Goggo, ta dubi Doña Petra. Duk ita suke jira. Rigo ya tafi. Duk faɗin gidan nan babu mai jin abin da aka faɗa sai ita. In ta ce, "Ya ce zan zo," shi ke nan, ga ashana can kusa da hoton Mama. Kalma huɗu ce. Ta yi ƙaryar da ta fi ta tsawo duk Alhamis, ba ta mutu ba.

Idonta ya sauka kan inda take tsaye. Daidai inda takalmin Rigo ya bar ƙura.

"Ya ce..." Ta share hanci da bayan hannu, ƙulli ya shafe mata fuska. "Ya ce bai sani ba, Baba. Ya ce in kafin takarduna su fito ne, wataƙila ba zan iya zuwa ba. Ba zai yi maka alkawari ba."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"Ke kin sani tun da?"

"Yanzu na ji, tare da kai."

Doña Petra ta fashe da kuka. "Hilario, yaro ne, bai san yadda ake magana ba..."

"Ya sani, Petra."

Baba ya tashi. Ya tsaya gaban kwandon ya daɗe. Ya zaro kyandir ɗin, ya juya shi a hannu, ya gyara wani furen takarda da ya lanƙwashe. Ya dubi ashana. Ya dubi ƙofa.

Sai ya kwantar da kyandir ɗin a gaban hoton Mama, bai kunna ba.

"Chayo, kai kwandon nan ciki, kada ƙuda su ɓata burodin mutane."

Goggo ta miƙe da sauri har tana tuntuɓe, ta rungume kwandon ta yi kicin da shi kafin ya sake shawara.

"Genaro ya yi mini alkawari," in ji Baba, har yanzu bango yake kallo. "Ya rantse zai dawo kafin girbi. Wannan bai rantse ba." Ya ɗauki hularsa. "Tafinta ta tambaye shi, yaushe zai dawo? Ban gama da shi ba. Kuma ya zo da bakinsa, ko da rabin Sifaniyanci ne. Ba na son ɗan aike."

Ta juya ga Calvin. Yaushe za ka dawo? Tambayar shafin farko, wadda suka fi yi wa dariya. Ta faɗe ta ba tare da ta kalle shi ba, don ita ma tana da nata tambayoyin da zai amsa, kuma ba a gaban mutane ba.

Ya ce Lahadi mai zuwa, in an yarda.

Da baƙin suka tafi, ta bi Baba har bakin ɗakinsa, ta durƙusa.

"Baba, don Allah ka ce wani abu. Ka zage ni. Ka dake ni ma. Baba, ni ce fa, Chenarka."

Ya tsaya, bayansa gare ta, hannunsa kan ƙofa. Ta ga kafaɗunsa na rawa.

"Azucena," ya ce. Rabon da ya kira ta da cikakken sunanta tun ranar da aka yi mata baftisma, in ji Goggo. "In kin wanke hannunki, ki ninke mayafin uwarki ki ajiye mini a nan bakin ƙofa."

Ya shiga, ya rufe.